Wai me za mu kira "state park" da Hausa?

Jama'a a taimaka mu tsayar da magana ɗaya. "Wurin shaƙatawa" da ake ta faɗa ya yi faɗi da yawa, gidan zu wurin shaƙatawa ne, wajen lilon yara ma haka, to ta ina mai karatu zai gane ƙasa ce da gwamnatin jiha ta killace take kula da ita?

Ga misalin da nake so a gwada kowace kalma a kansa. A garin Waterford na jihar Connecticut a Amurka akwai Harkness Memorial State Park, a bakin teku yake, fili ne sama da eka 200. A ciki akwai wani katafaren gida mai ɗaki 42 da ake kira Eolia, Edward Harkness da matarsa Mary suka saya a 1907 suna zuwa hutun lokacin zafi, dukiyar kuma ta man fetur ce don mahaifinsa na cikin waɗanda suka zuba kuɗi a kamfanin mai na Standard Oil tun farko. Wata ƙwararriya Beatrix Farrand ta tsara musu lambunan furanni. Mary ta rasu a 1950 ta bar wa jihar wajen, a 1952 ya zama na jama'a, yanzu mutane na zuwa da abincinsu su baje a ciyawa, wasu kamun kifi, har biki ake yi a gidan.

Wani ɗan'uwa ya ce gandun daji. Malam ai ba daji a nan, ba giwa ba gwaggon biri, duk wanda ya ji gandun daji Yankari zai faɗo masa a rai.

Lambu ma an kawo, amma lambun wani yanki ne kawai na wajen, ina za a kai gidan da bakin ruwan? Kuma in ka ce lambu kawai mutumin Kura zai zaci tumatir da albasa ake nomawa, dole sai an ce lambun furanni.

Hajiya da ta kawo hurumi gaskiya ta burge ni, don hurumi ƙasa ce da aka keɓe ba mai taɓa ta, ma'anar ta zauna daram. Matsalar kawai yau kunnen mutane ya fi sabawa da hurumin kotu, wasu kuma maƙabarta za su tuna.

Ni dai inda na tsaya shi ne mu riƙe gandu mu sauke daji. Gandu tun asali babbar gona ce ta gida ko ta sarki, ga shi kuma mun riga mun saba jin sa a kan ƙasar da hukuma ta killace, kun ga ya ɗauki duka biyun, ya ɗauki tarihin wajen lokacin yana hannun masu kuɗi ana noma da kiwo a cikinsa, ya kuma ɗauki halin da yake ciki yanzu. Sai mu ce gandun shaƙatawa na jiha, in na tarayya ne mu ce na ƙasa.

Shi kuwa gidan don Allah a daina ce masa fada, ba sarki ne ya zauna ciki ba, attajiri ne. Katafaren gida ya isa, ko gidan Harkness kawai.

A jimla zai zo haka: mun kai ziyara gandun shaƙatawa na Harkness, mun zaga lambunan furanni da katafaren gidan sannan muka gangara bakin teku. 'Yan'uwa na Damagaram da Maraɗi ku faɗa mana ko gandu na ɗaukar wannan ma'anar a wajenku, in ya ɗauka shi ke nan mu fara rubutawa haka.