Kallon beyar da tsuntsaye a dazuzzuka da fadamun Finlan, Suwidin da Istoniya

Mai Madubi: Salamu alaikum jama'a. Waɗanda suka san fita kallon namun daji a arewacin Turai, a taimaka da bayani dalla-dalla: wane wata, wane wuri, me ake ɗauka, me ke ɓata tafiyar.

Ɗan Kainu: Wa alaikumus salam Malam. Beyar ba a yawo a neme ta, tana jin ƙanshin mutum take bar masa dajin. Zama ake yi a bukkar ɓuya. Fitattun wuraren suna Kuhmo da Suomussalmi, gabashin Finlan dab da iyakar Rasha, daga Afrilu zuwa ƙarshen bazararsu. Ana shiga wajen ƙarfe 4 ko 5 na yamma, ba fita sai 7 ko 8 na safe. Bukkar tana da gado, da bokitin bahaya, da dogon bututu da ke kai warin mutum sama. Masu wurin na ajiye kifi a fili don janyo dabbar.

Abin da ke korar ta, motsi da ƙara. Ka zura bakin kyamararka ta tagar ƙyallen tun kafin ta iso, in ta iso ka juya shi a hankali. A juye guzuri daga leda zuwa ƙyalle tun a masauki, domin ƙarar leda na tafiya nesa a shirun daji. Ban da turare, ban da taba. Ka sa ido kan hankaki: in suka tashi gaba ɗaya, yawanci wani babba ne ke tafe. Mai rabo har kyarkeci yake gani, da wata dabba mai ƙarfin tsiya da suke kira ahma.

Hajiyar Tartu: Ƙari kan naka, ɗan'uwa. Istoniya ma akwai irin bukkokin nan a Alutaguse. A shiga da alwala da gorar ruwa daban, tunda fita babu. A watan Yuni a Kuhmo dare ba ya yin duhu sosai, Isha'i da Asuba sukan rikice, a tambayi malamai tun kafin tafiya.

Baban Zakaru: Ni a wurina wasan baƙaƙen zakarun daji ya fi beyar daɗin kallo. Daga Afrilu zuwa farkon Mayu mazan ke taruwa a fili guda tsakiyar fadama, shekara bayan shekara wuri ɗaya. Su baza farin gindin wutsiya, jan naman saman idonsu ya kumbura, suna tsalle suna kai wa juna hari. Kukansu kamar tukunya na tafasa, ana jin sa daga nesa idan iska ta kwanta.

A kafa tanti tun daren jiya, a shige ciki cikin duhu, aƙalla awa 2 kafin fitowar rana. Kuskuren da aka fi yi shi ne fitowa da wuri saboda sanyi ko fitsari. Sai zakara na ƙarshe ya tashi da kansa ake fita. In aka tarwatsa su a 'yan kwanakin da matan ke zuwa, an lalata musu barbarar shekara. Sanyin asuba a watannin nan yakan sauka ƙasa da sifili, kuma daga ƙasa yake shiga jiki, don haka a ninka tabarmar soso biyu. Batir na mutuwa da wuri a sanyi, a sa na ajiya a aljihun ciki. Kafin a shiga ɗaki mai ɗumi a ɗaure kyamara cikin leda na awa guda, in ba haka ba raɓa ta kwanta cikin gilashin.

Hajiyar Tartu: Fadamun nan na gansakuka ne, ba irin namu na laka ba. Inda ka ga kore shar, lebur, gwanin sha'awa, nan ne haɗarin: tabarma ce kawai a kan ruwa. A taka tudun da ke da ƙananan itatuwa. Wanda ya nutse kada ya yi ta fizga, ya kwanta ya baza jiki ya jawo ƙafa ɗaya-ɗaya. Sabon shiga ya tsaya kan hanyar katako, kamar ta fadamar Viru a gandun dajin Lahemaa na Istoniya mai kilomita 3.5. Katakon na santsi da sassafe. Lambar neman agaji 112 ce a duka ƙasashen uku.

Likitan Upsala: Kaska ta fi beyar haɗari. Tana fara motsi da zarar zafi ya haura digiri 5. Manyan cututtukan da take ɗauka biyu ne: mai kumbura ƙwaƙwalwa, wadda ke da rigakafi allura 3, da Laim, wadda ba ta da shi. A cusa wando cikin safa, a duba bayan gwiwa, hammata da matsematsi kowane dare. A kama ta da hantsaki dab da fata a ja sak, ban da shafa mai ko ƙona ta. Jan da'irar da Laim kan fitar a wurin cizon ta fi wuyar gani a baƙar fata, don haka duk tabon da ke faɗaɗa a kai wa likita. Sauro kuma daga tsakiyar Yuni, sai da ragar fuska.

Baban Zakaru: Mai son abu cikin sauƙi ya je tafkin Hornborga a Suwidin, ƙarshen Maris zuwa tsakiyar Afrilu. 'Yan'uwan gauraka, marasa tukku, kan haura 20,000 a wasu shekarun, daga bayan shinge ake kallonsu suna rawa.

Mai Madubi: Allah ya saka da alheri. Cikin tsuntsayen fadamun akwai masu zuwa wajenmu?

Ɗan Kainu: Akwai, Malam. Wani ɗan bakin ruwa mai dogayen ƙafafu, Finawa na ce masa suokukko, yana sheƙa a fadamun arewa, da hunturu kuma ya sauka garke-garke a dausayin Haɗeja da Nguru da tafkin Chadi. A can gida toka-toka yake, sai a watan Mayu a nan namijin ke fito da gashin wuya mai launi.