Wai tsutsa ce ta jawo masa afendis?

Maman Biyu: Salam jama'a wallahi raina a ɓace yake. An yi wa yarona aikin afendis, da sakamakon gwaji ya fito likita ya ce an ga tsutsa a cikin afendis ɗin, irin ƙananan fararen nan masu sa ƙaiƙayin dubura da dare, shikenan dangin miji suka ce ƙazantata ce. Don Allah tsutsa tana kawo afendis?

Mai Kemis: Tana kawowa amma ba kasafai ba. Yawanci busasshen kashi ne yake toshe bakinsa ko kumburi. Doguwar tsutsar nan askaris ma tana iya shiga ta toshe, har ƙwan tsargiya ana samu. Ki tambayi likita a ba duk ƴan gidan maganin tsutsa albendazole don ƙananan fararen nan suna yawo tsakanin yara.

Ɗan Fagge: Hajiya ki yi haƙuri amma tsutsa ai ƙazanta ce, ba ta zuwa haka kawai

Ƴar Zazzau: Ƙazantar wa? Yaro yana makaranta yana wasan ƙasa yana sa hannu a baki, ƙwan ma a farce yake maƙalewa, kai kake bin naka kana wanke masa hannu? Komai sai ku ce mace.

Ɗan Fagge: Ni ban ce mace ba, ke kika ce

Ƴar Zazzau: To wa ke wanki da shara a gidanku?

Baban Yara: Ku bar wannan, tsakuwar shinkafa ce da ƴaƴan gwaiba, tun muna yara muka sani.

Anti Nas: Baba babu hujja kan tsakuwa. Kuma ganin tsutsa a ciki ba lallai ita ce ta kunna ciwon ba, wani lokacin dai an same ta ne a wajen. Ciwo ya faro daga cibiya ya koma ƙasan ciki ta dama, asibiti kawai.

Baban Yara: Shi kuma mai kemis talla yake

Mai Kemis: Allah ya isa, nawa ne ribar albendazole ɗin?

Maman Biyu: Ni dai har yanzu ba wanda ya ce in ce wa surukata me

Admin: To a taƙaice an yarda tsutsa tana iya kawo afendis amma da wuya, kuma iyaye mata su ƙara kula da tsafta kamar yadda Ɗan Fagge ya faɗa. Ƴar Zazzau a rage zafi. Na rufe.

Ƴar Zazzau: Yaushe aka yarda da hakan?