Hoton hirar WhatsApp zai tsaya a kotu?

Mai Goro, Garwa: Salamu alaikum. Na tura wa wani sefa dubu 60 ta waya, kuɗin goro, sai ya toshe ni. Na ɗauki hoton hirarmu. Alƙali zai karɓa?

Hajiya, Marwa: Wa'alaikumus salam, ɗana. Hoto kowa na iya haɗa shi, asalin hirar ake nema. Kar ka goge komai, har saƙon turin kuɗin mai lamba.

Malam, Ngaundere: Kai wayar wurin huissier, wato ma'aikacin shari'a mai tabbatar da shaida a rubuce, ya duba da idonsa, ya rubuta, ya buga hatimi. Dokar Kamaru mai lamba 2010/012 ce ta shafi zambar intanet, ga kuma ANTIC, hukumar gwamnati mai kula da tsaron intanet.

Mai Goro: Na gode. Fuskar wayar ma a fashe take, dā gobe zan sayar da ita.