Ina son in karkata ga aikin taimaka wa masu barin taba, ta ina zan fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Na gama digirin farko a ilimin halayyar ɗan Adam, kuma hankalina ya kwanta kan binciken shan taba da taimaka wa masu son bari. Mahaifina ne sila. Sau uku yana jefar da kwalin sigari yana rantsuwa ya daina, mako bai cika ba sai in gan shi da sassafe, hannu na rawa yana ƙyasta ashana. Abokaina sun ce fannin ba shi da gaba. Don Allah ku ba ni shawara.

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki biye musu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce taba na kashe sama da mutum miliyan 7 a shekara, aiki ai ba ya ƙarewa. Kuma masana irinki ne suka aza harsashin fannin. Karl Fagerström, ɗan ƙasar Suwidin, shi ya fito da ma'aunin kamuwa da nikotin (sinadarin da ke sa mutum ya kasa rabuwa da taba) a 1978, kuma ɗaya daga cikin muhimman tambayoyin cikinsa ita ce: minti nawa bayan farkawa mutum ke kunna karan farko? Kin ga abin da kika gani wajen Baba ke nan, jikinsa ne ke neman nikotin, ba raunin zuciya ba ne. Ki yi digiri na biyu a ɓangaren lafiya ko na asibiti, ki riƙe ƙididdiga da hannu biyu, don babu bincike sai da ita.

Amsa ta biyu: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Ki koyi sauraro kafin komai, 'yar'uwa, faɗa ba ya raba mutum da taba. Ki san magungunan ma, ko da ba ke za ki rubuta su ba: cingam da filastar nikotin, bupropion, varenicline. Haɗa magani da zaman shawara ya fi kowanne shi kaɗai.

Amsa ta uku: Shekara 19 na sha, sai a karo na biyar na bari. 'Yata, makon farko ne bala'in, barci ya ƙi, abu kaɗan ya tunzura ka. Idan Baba ya sake gwadawa, ki kasance kusa da shi a waɗannan kwanakin, kuma in ya koma kada ki tuna masa rantsuwarsa.