Wane suna za mu ba wa LED da Hausa?

Assalamu alaikum, iyayenmu malamai da 'yan'uwa ma'abota harshe na Kumasi da kewaye. Matasan da ke shirya wasan kwaikwayon bayan Sallah a unguwar Aboabo sun sassaƙa takobin katako, sun dasa lu'ulu'u na roba a gindin ƙotarsa, suna kuma so ya haskaka yadda wanda ke zaune a sahun ƙarshe zai gan shi. Sun nemi a rubuta musu yadda ake haɗa wayoyin da Hausa, sai aikin ya tsaya a kan sunan ɗan abin da ke ba da hasken, wanda masu sayar da kayan rediyo a kasuwar Kejetia ke kira LED. An kawo shawarwari, kuma ga abin da na gani game da su.

Wasu sun ce a rubuta "ledi" a huta. Aron kalma ba laifi ba ne, domin batir da rediyo da waya duk baƙi ne da suka zama 'yan gida. Damuwata ita ce mai karatu a Kano ko Zariya zai ji kamar ana nufin leda ta zuba kaya, wadda mu a nan muke ce wa roba, alhali rubutun Hausawan Zango na Gana ya kamata ya karantu har can.

Baba mai gyaran rediyo na Asawase, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ce tun yana yaron shago "ƙwan fitila" suke cewa, bai ga dalilin sauyi ba. Baba, maganarka tana da nauyi, amma ina neman izinin in bambanta, domin wanda ya ɗauki wannan abu a matsayin ƙwan da ya sani zai ƙona shi a gwajin farko. Tsohon ƙwai yana da siririn zare da ke yin ja saboda zafi, kuma ko ta wace fuska aka ba shi wuta zai kama. Shi wannan ba shi da zare, wuta ta hanya ɗaya kawai take ratsa shi: doguwar ƙafarsa ita ke zuwa kan batir mai alamar tarawa, gajeruwar kuma, wadda ke ɓangaren da aka shafe gefen gindinsa, tana zuwa mai alamar ɗebewa. Idan aka juya su ba zai kama ba. Zafinsa kaɗan ne, shi ya sa za a iya binne shi cikin lu'ulu'un roba ba tare da ya narka shi ba. Abin da aikinsa ya bambanta haka ya cancanci sunansa na kansa.

"Ƙwai mai tsimin wuta" kuwa ya riga ya sami mai shi. Tun 2007, lokacin da ruwan madatsar Akosombo mai ba da wutar lantarki ya ja baya har gwamnati ta raba ƙwayaye miliyan 6 masu tsimi kyauta, mutanen Gana suka san wannan siffa da farin ƙwan gilashi na wancan zamani.

Wata malamar kimiyya ta kawo "ƙwayar haske", wanda na so ƙwarai, har sai da ita da kanta ta tunatar da mu cewa masu koyar da ilimin haske za su buƙaci wannan suna domin mafi ƙanƙantar yankin haske da suke karantarwa. Malama, kin yi gaskiya, a bar muku shi. Sai dai rabin shawararki ya buɗe hanya, domin ni a ganina sunan da ya dace shi ne "ƙwayar fitila", jam'insa "ƙwayoyin fitila". Ƙwaya a Hausa ƙaramin abu ne guda da ake ƙirgawa cikin 'yan'uwansa, irin su ƙwayar hatsi da ƙwayar magani, kuma wadda aka fi sayarwa faɗinta milimita 5 ne, ba ta kai ƙwayar gyaɗa ba. Duk wanda ya leƙa fuskar tocilan ta yanzu ya ga ƙwayoyin a jere. Sunan ya kuma yi kusa da "ƙwan fitila" na Baba, don haka kunne ba zai ƙi shi ba. Abin ma ba sabo ba ne da za a ce mu jira: Nick Holonyak ya ƙera mai jan haske a Amurka tun 1962, shuɗiyar kuma, wadda daga gare ta ake samun fara, ta kai masana uku 'yan asalin Japan ga lambar yabo ta Nobel a 2014.

Ana gane ingancin suna ne idan aka sa shi aiki, saboda haka ƙannena, ga bayaninku da shi. Ku ɓoye ƙananan batir 3 masu bolt 1.5 a cikin ƙota, su ba ku bolt 4.5. Farar ƙwayar fitila tana buƙatar kimanin bolt 3 da miliamfiya 20 (ma'aunin yawan wutar da ke ratsa ta), don haka dole a tare rarar wutar da rizista, kalmar da na bari yadda masu gyara ke faɗinta. Da om ake auna ƙarfin rizista, lissafi kuma ya ba da om 75, amma mai om 100 ya fi sauƙin samu kuma ya fi kare ƙwayar. Kowace ƙwaya ta sami nata rizista, musamman idan kuka haɗa ja da fara, domin ja tana kamawa tun a kimanin bolt 2, kuma in suka yi tarayya a rizista guda za ta janye wutar ta bar farar a dushe. Ku liƙa mahaɗan da dalma, ku rufe su da tef, ku sa makunni inda babban yatsan mai riƙe takobin zai kai.

Yawan ƙwayoyi ba shi ne ke sa lu'ulu'u ya cika da haske ba. Ƙwaya mai garai-garai tana harba haskenta gaba a tsuke, sai a ga ɗigo ɗaya mai kashe ido, sauran jikin kuma duhu. Ku goge kanta da takardar yashi har ya yi hazo, ku shimfiɗa takardar alminiyam a bayanta ba tare da ta taɓa ƙafafun ba, sannan ku gwada takobin da dare daga nesa kafin ku zuba gam na ƙarshe, domin bayan ya daskare babu sauran ciro ƙwayar sai an fasa lu'ulu'un.