Masu rubuta ƙa'idar katalogin duniya suna karanta tsokacin irinmu kuwa?

Mai Laburare (Garwa):

Assalamu alaikum jama'a. Tambayata ga waɗanda suka riga ni shiga aikin ɗakin karatu ce, musamman iyayenmu da suka yi zamanin kati da akwati.

Ni ke kula da wani ƙaramin ɗakin karatu na ƙungiyar unguwa a nan Garwa. Yawancin abin da ke kan kantocinmu littattafan makaranta ne na Faransanci. Waɗannan ba su ba ni wahala, marubuci da kamfanin bugawa da shekara duk suna nan a shafin farko, in cike gurabe in wuce. Inda nake cijewa shi ne kwalin littattafan ajami da magadan wani malami suka ba mu sadaka, na Hausa da na Fulatanci, waƙoƙin wa'azi da na fiƙihu. Irin waɗanda ake shimfiɗawa a bakin masallaci ran Juma'a: wani ya rubuta da alƙalami, aka ɗauki hoton rubutun aka buga a Kano ko Zariya. Babu shafin take. Sunan mai waƙar, in ma ya faɗa, yana can cikin baitin ƙarshe. Sunan da ya fi fitowa fili na wanda ya kwafa ne, sai na ɗan kasuwar da ya biya kuɗin bugu. To wane ne zai shiga gurbin mai wallafawa? Kuma bugagge zan kira shi ko rubutun hannu, alhali duka biyun ne?

Wani abokina ya ce mini a 2024 IFLA, ƙungiyar ɗakunan karatu ta duniya, ta baza daftarin sabon tsarin ISBD, wato ƙa'idar rubuta bayanin littafi a katalogi, a intanet, ta ce kowa a duniya ya karanta ya aiko da ra'ayinsa. Lokacin da labarin ya iske ni an daɗe da rufewa. Abin da nake so in sani: in irin wannan ta sake tasowa, mutum kamar ni, wanda ba digiri gare shi a fannin ba, Turancinsa kuma na jarrabawar lise ne, akwai amfani ya ɓata kuɗin data ya rubuta musu? Ko dai sun riga sun gama shawara, kiran na cika ƙa'ida ne kawai?

Dattijo (Ngaundare):

Wa alaikumus salam ɗana. Na bar aiki da daɗewa, amma wannan magana ba za ta wuce ni ba.

Da farko ka san cewa ba yau aka fara ba. Ginshiƙin duk abin da kake cikawa a kwamfuta an kafa shi a birnin Paris a 1961, shekara ɗaya bayan Kamaru da Cadi sun sami 'yanci, lokacin da ba mu da ko masu aikin da za mu tura su yi gardama. ISBD ya biyo baya a 1971. Duk alamomin nan da suke ba ɗalibai haushi, ɗigo da ruwa biyu da layin da aka karkata, daga nan suka fito. An yi su ne don wanda bai iya harshen littafi ba ya dubi katin ya gane ina take ya ƙare, ina sunan marubuci ya fara. Wannan dabara ce mai kyau, ban taɓa raina ta ba. Sai dai waɗanda suka tsara ta littafin da ke gabansu mai shafin take ne, ɗan Landan ko Paris.

Daga baya sun ɗan gyara hali. Da za a sabunta ƙa'idojin Paris, an yi taruka biyar ana zagaya duniya: Frankfurt a 2003, Buenos Aires a 2004, Alƙahira a 2005, Seoul a 2006, na ƙarshe a Pretoria a 2007 domin ƙasashen Afirka kudu da Sahara. Abin da ya fito a 2009 ya sa sauƙin mai neman littafi a gaba da komai. Riƙe wannan da kyau, domin ita ce hujjarka. Kada ka ce musu "al'adarmu daban take", za su yi maka godiya su ajiye. Ce musu mai karatu a Garwa ba zai taɓa samun littafin nan ba in na bi ƙa'idarku kaza, ga dalili.

Suna ji kuwa? Wani lokaci. Tsarin IFLA da ake kira LRM, mai fayyace abubuwan da katalogi ke bayani a kansu da alaƙarsu, an baza daftarinsa a 2016, aka karɓi tsokaci, aka yi gyare-gyare har sunansa ya sauya kafin a amince da shi a 2017. Amma a cikinsa an ce mutumin ƙage ba ya zama marubuci, sai ɗan Adam na gaske. An yi ta ƙorafi a kan haka, kwamitin bai janye ba. Wato ko an buga sunan Gizo a bangon littafi, ba zai sami kujerar marubuci ba. A ganina a nan sun yi daidai, amma ka ga yawan masu ƙorafi bai isa ya juya su ba.

Game da kwalinka: sabuntawar 2021 da aka yi wa ISBD na 2011 ta shigo da abubuwan da ba a buga ba, har da rubutun hannu. Naka kuwa tunda an buga da yawa an sayar a kasuwa, bugagge ne, sai ka ƙara bayani a ƙasa cewa hoton rubutun hannu ne, ka ambaci mai kwafa. Ɗan kasuwar da ya ɗauki nauyi shi ne mai wallafawa. In shekarar Hijira ce kawai a jiki, rubuta ta yadda take, ta Miladiyya ta biyo cikin baka mai kusurwa, misali 1400 [1979 ko 1980]. In babu gari babu sunan mai bugawa, [S.l.] da [s.n.] suna nan tun zamaninmu.

Ɗan Njamena:

Baba, Allah ya ƙara girma, amma ni ban yarda ƙofar a buɗe take ba. IFLA tana da harsunan aiki bakwai, har da Faransanci da Larabci, su ne kuma harsunan gwamnati a nan Cadi. Amma daftarin da Turanci yake fitowa, fassara sai bayan an amince, lokacin da magana ta riga ta ƙare. Wa'adin 'yan makonni ne. Wanda ke aiki a babban ɗakin karatu na ƙasa a Turai, karanta daftarin yana cikin aikin da ake biyansa albashi. Mu kuwa sai bayan isha'i, a waya, in akwai wuta.

RDA, wata ƙa'idar katalogin, ita ma ta fi rufe ƙofa. Tun 2010 take, Laburaren Majalisar Dokokin Amurka ya koma kanta a 2013, amma sai ka biya kuɗin rajista kafin ka karanta cikakken tsarin. ISBD aƙalla kyauta ake saukewa, wannan na yaba musu. Faransa da take da ƙarfi ba ta tsaya jiran a ji ta ba, ta kama rubuta nata mai suna RDA-FR, mu kuma da muke kwafo bayanan littattafai daga katalogin Faransa sai mu bi ba tare da an tambaye mu ba. Malam na Garwa, gyara katinka yadda mutanen unguwarku za su sami littafi, ka bar masu taro da taronsu.

Hajiya (Marwa):

Ɗan Njamena, duk abin da ka lissafa gaskiya ne, amma ƙarshen maganarka ban bi ka ba. In ba mu rubuta ba, za a ce an tambaya Afirka ba ta da matsala.

Ƙanina na Garwa, ni abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya ba bugu ba ne, sunaye ne. Mutum ɗaya, a Yola Muhammadu, a nan Mohamadou, a Njamena Mahamat, a bangon littafin Larabci kuma wani abu daban. Yawancinmu ba mu da sunan dangi irin na Turawa, sunan uba ne ke biye da namu, wani kuma sunan gari ko laƙabi. Ɗalibi ya zo neman littattafan Eldridge Mohammadou a kan tarihin Fulanin Adamawa, wannan da sauƙi, an san inda ake sa shi. Shehu Usman ɗan Fodiyo kuwa, wani katalogi ya sa shi ƙarƙashin Usuman, wani ƙarƙashin Ibn Fudi. Shi Shehu sananne ne, VIAF, rumbun sunayen marubuta na intanet, ya haɗa sunayensa wuri ɗaya. Malamin ƙauye mai waƙa uku fa, wa zai haɗa masa?

A nan ne nake ganin muryarmu ta fi tsada. IFLA tana da kundi a kan yadda kowace ƙasa ke jera sunayen mutanenta, bugu na huɗu ya fito a 1996, kuma abin da ke ciki daga ma'aikatan ƙasashen yake fitowa. Ba wani a hedikwatar IFLA a birnin Hague da zai san cewa Modibbo ko Goni ko Alaramma muƙamin ilimi ne, ba sunan yanka ba, sai mun faɗa.

Shawarata, kada ka rubuta kai kaɗai, kuma kada ka yi dogon bayani. Ɗauki hoton bango da shafin ƙarshe na littafi biyu ko uku, ka nuna sashen ƙa'idar da ya gaza, ka rubuta jimlar da kake so a sa a madadinta. Mu haɗa namu mu miƙa ta ƙungiyar ma'aikatan ɗakunan karatu ta ƙasa, ko ta AfLIA da ke Accra, wadda aka kafa a 2013 don haɗa kan irinmu. Turancin kuma ba abin tsoro ba ne, a Kamaru muke, abokan aiki masu jin Turanci daga Bamenda da Buea suna nan.

Mai Laburare (Garwa):

Na gode ƙwarai. Baba, na gwada yadda ka ce a kan guda biyu kuma sun zauna daidai. Na uku ne ya ƙi: waƙar Fulatanci ce da fassarar Hausa a tsakanin layuka, mai fassarar bai faɗi sunansa ba, kuma wani ya ɗinke ta da zare tare da wata waƙar da ba ruwanta da ita. Kati ɗaya zan yi ko biyu?

Ɗan Njamena, ban ƙi taka ba, mutanen unguwa su ne gaba. Amma Jami'ar Garwa da aka buɗe a 2022 ta fara turo mana ɗalibai masu neman ajami, kuma in wata rana aka ce a haɗa katalogi, ba na so namu ya zama wanda ba ya shiga ko'ina.

Hajiya, zan fara ɗaukar hotunan ran Asabar in rana ta yi sanyi, don wayata ba ta son duhun ɗakin. In kina da jerin muƙaman malamai da kika riga kika tara, turo mini in ƙara na Fulatancin nan Binuwai, akwai waɗanda ban taɓa gani a littafin kowa ba. Wa ke duba shafin IFLA a kai a kai a cikinmu, don kada na gaba ya sake wuce mu?