Neman shawara: sandar duruwid ɗina ta daina yin illa sosai tun daga mataki na 5

Mai tambaya: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Muna buga Dungeons & Dragons, wasan teburi da kowa ke taka rawar jarumi ana jefa dayis, da dokokin 2014, kuma jarumina duruwid ne, wato mai sihirin daji da dabbobi, mai yaƙi da sanda. Sihirin Shillelagh ne madogarata, domin yana mayar da dayis ɗin sandar mai fuska takwas, wato d8, ya kuma sa a lissafa duka da makin Hikima maimakon na Ƙarfi. Tun da muka kai mataki na 5, mayaƙin ƙungiyarmu yana kai duka biyu a kowane zagaye, ni kuwa ina nan da guda ɗaya. In ajiye sandar ne, ko akwai gyara?

Amsa ta farko: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Laifin ba daga wasanka yake ba, haka aka rubuta sihirin. A bugun 2014 Shillelagh ba ya ƙaruwa da mataki, kuma duruwid ba ya samun duka na biyu kamar mayaƙi. Idan Hikimarka 18 ce, matsakaicin illar dukanka 8.5 ne, alhali sihirin jefa wuta, Produce Flame, ya koma 2d8, wato dayis d8 guda biyu, matsakaicinsa 9, kuma daga nesa ake jefa shi. A yanzu tazarar ƙarama ce, amma a mataki na 11 wutar za ta zama 3d8, wato 13.5, sandar kuwa ba za ta wuce 9.5 ba ko da Hikimarka ta kai 20.

Amsa ta biyu: Malam, ka nemi mai jan ragamar wasanku, wato mai ba da labarin da yanke hukunci, ya duba littafin 2024, domin a can an gyara wannan matsalar. Dayis ɗin yana zama d10 a mataki na 5, d12 a na 11, sannan 2d6 a na 17. A mataki na 7 kuma kana iya zaɓar Primal Strike, wanda ke ƙara d8 guda a dukanka sau ɗaya a zagaye.

Amsa ta uku: Ni mai jan ragama ne, kuma zan amince da wannan ƙarin ba tare da gardama ba, domin daga d8 zuwa d10 maki ɗaya kacal ne a matsakaici, ba zai taushe kowa a teburi ba. Sai dai ina roƙonka kada ka auna kanka da mayaƙi. Ƙarfin duruwid yana cikin sihirin da yake riƙewa da natsuwa, wanda ɗaya kawai ake iya riƙewa a lokaci guda, irin su Spike Growth mai tsiro da ƙaya a ƙasa da Call Lightning mai kiran tsawa, kuma falalar Shillelagh ita ce ba ya buƙatar natsuwar, saɓanin Flame Blade, sihirin takobin wuta, da zai tilasta maka sakin sihirin da kake riƙe da shi. Ka shimfiɗa ƙayar Spike Growth, ka jawo maƙiyi ta cikinta da Thorn Whip, sihirin bulalar ƙaya, inda kowace tazarar ƙafa biyar ke yi masa illar 2d4, ka tanadi sandar don wanda ya iso gabanka.